Yadda Ake Ƙera Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Injin Dizal, Irin Na Binuwai

Cikin ayyukan hannu da malami zai iya yi da 'yan makarantarsa, ban san wanda ya tara darussa wuri guda kamar ƙera ɗan ƙaramin jirgin ruwa ba. Akwai sassaƙa a ciki, akwai lissafi, akwai ilmin zafi da na lantarki, har da labarin ƙasa da tarihi. Ba jirgin kara nake nufi ba, irin wanda yara ke yi da damina su saka a kwata. Ina nufin jirgi mai tsawon ƙafa uku, mai injin kansa da ke shan mai yana hayaƙi, wanda mutum zai tsaya a gaɓa yana juya shi dama da hagu da rediyo, ba zare ba igiya. Turawa sun daɗe da wannan wasa, suna da zane-zane iri iri na yadda ake yinsa. Amma fa wanda ya ɗauki zanen Ingila ya bi shi ido rufe a nan Yola zai sha wuya, gama su sun yi nasu ne domin tafki mai zurfi da ƙasa mai sanyi. Mu kuwa kogin yashi gare mu, ga zafin ranar da kowa ya sani. Saboda haka kafin mu taɓa zarto, bari mu fara tambayar Binuwai irin jirgin da yake karɓa.

Kogin nan ya taso ne daga duwatsun Adamawa na ƙasar Kamaru, ya bi ta Garwa, ya shigo Nijeriya, ya wuce Jimeta, da Numan inda Gongola ke zuba masa, da Ibi, da Makurɗi, har ya gamu da Kwara a Lakwaja. Tsawonsa wajen kilomita 1,400 ne. Hali biyu gare shi. Da damina ya cika ya batse, har ka rasa ganin mutumin da ke ƙetare sosai. Da rani kuwa ya janye ya bar tuddan yashi, manoma su yi shuka a inda jirgi ya bi wata biyar da suka wuce. A 1854 Likita Baikie ya hau shi cikin wani jirgin tururi mai suna Pleiad, ya yi nisa ainun, amma ya juya bai kai Yola ba. Bayansa 'yan ciniki suka biyo. Kamfanin Neja, wanda ya sami takardar izni daga Ingila a 1886, ya yi shekaru yana saye da sayarwa daga cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kogi kusa da Yola. Ran da sojan Ingila suka zo wa Yola da yaƙi, cikin watan Satumba na 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu, a jiragen tururi suka zo, kuma ba banza suka zaɓi wannan wata ba, lokacin ne ruwa ya kai iyakarsa. Jimeta kanta bakin jirgi ne ya raya ta.

Daga nan har shekaru masu yawa jiragen U.A.C. da na John Holt suka riƙa tasowa daga Burutu da Wari da gishiri, da kananzir, da siminti, da atamfa, su koma da gyaɗa, da auduga, da fatu da ƙiraga. Amma ƙofar ba ta daɗewa a buɗe: daga wajen Yuli zuwa Oktoba ne kurum babban jirgi ke iya kaiwa Yola, ta Garwa ma ta fi haka gajarta. Direban jirgin da ya yi nawa sai ruwa ya janye ya bar shi bisa yashi, ya jira damina mai zuwa. Domin haka aka ƙera jiragen nan da shimfiɗaɗɗen gindi kamar faranti, masu faɗi, ba sa shiga ruwa da zurfi, ga mutum a goshi riƙe da gora yana auna zurfi yana faɗa. Na farko itace da kwal suke ci, da yawansu kuma babban wili mai filafilai ke tura su daga baya. Bayan yaƙin duniya na biyu jiragen dizal suka soma karɓe aikin, suna tura jiragen kaya marasa inji, watau baji-baji, a gabansu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse hanyar, kana titin kwalta da manyan motoci suka ƙarasa ta. Yau in ka tsaya bisa gadar Jimeta, kwale-kwale za ka gani. To, irin wannan jirgi mai tura baji shi ne ya cancanci mu kwaikwaya, ba na tsere mai tsinin goshi ba.

Tambayar da yaro zai fara jefo maka ita ce, don me jirgin ƙarfe ba ya nitsewa alhali allura tana nitsewa? Sai ka shirya mata. Wani masani mutumin Girka, Arkimidis, ya ba da amsarta fiye da shekara dubu biyu da suka wuce: kome ka sa cikin ruwa, ruwan yana tallafarsa da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Allura ba ta ture ruwan da ya kai nauyinta ba, sai ta yi ƙasa. Tasa kuwa, ko da ta fi allura nauyi sau dubu, cikinta na da faɗi, kafin ta shiga rabi ta ture ruwan da ya isa ya ɗauke ta. Abin da ya sauƙaƙa lissafin shi ne, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma a cikin lita akwai si-si 1,000. Si-si ɗin nan ba sisin kuɗi ba ne, awo ne, shi ne wanda masu babur da ma'aikatan asibiti ke ambata: ɗan gurbi mai santimita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi.

Mu ce jirginmu tsawonsa santimita 90, faɗinsa 24, bangonsa 10, muna kuma so santimita 3 kaɗai su shiga ruwa. Sai mu ce 90 sau 24 sau 3, ya ba mu si-si 6,480. Tun da yake za mu fiƙe gindin ta gaba da ta baya ya ɗan ɗaga, sai mu zubar da rubu'i, saura 4,860. Ke nan katako, da inji, da mai, da batir, da rediyo, duka kada su wuce kilo biyar. In sun wuce, jirgi zai zauna cikin ruwa fiye da yadda muka so. In sun gaza, sai a ƙara dalma a gindi. Ka bar yara su yi wannan lissafi da kansu tun ba a yanka katako ba, su rubuta amsar a allo. Ran da aka sa jirgi a ruwa, ruwa ya tsaya daidai kan layin da suka ja, ba sauran mai tambayarka amfanin sau.

Ginin jiki ba shi da wuya ga wanda ya taɓa haɗa akwati. A nemi filawud mai kaurin milimita 3 ko 4 domin gindi da bango, a yanka haƙarƙari biyar ko shida a jera a ciki. Inda inji zai zauna a shimfiɗa sanduna biyu na maɗaci, dogaye, su ratsa haƙarƙari uku aƙalla, gama injin nan yana da jijjiga, in aka ɗora shi a kan filawud tsura zai kwance haɗin. Goshin jirgi a bar shi a miƙe, a kafa masa ginshiƙai biyu a tsaye, su ne kafaɗun da zai tura baji da su. Gam kuwa sai mai haɗi biyu irin su Araldite. Farin gam na kafinta ruwa na jiƙa shi. A goge da samfefa, a shafa fenti ciki da waje har sau uku, musamman ɗakin inji, domin mai in ya shiga katako ba gam ɗin da zai sake kama shi. Sa'an nan a cusa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin a goshi da ƙeya, ko jirgi ya sha ruwa ba zai kai ƙasa ba. Baji-baji biyu, kowane santimita 72 tsawo, 12 faɗi, in an jera su kafaɗa da kafaɗa sun yi daidai da faɗin mai tura su. Waɗanda suka karanta labarin Nuhu a makarantar mishan za su lura tsawon ya yi faɗi shida, daidai da awon jirginsa.

Yanzu sai inji, wanda shi ne zuciyar maganar. Ɗauki famfon keke, ka toshe bakinsa da yatsa, ka danna da ƙarfi sau goma, kana ka taɓa gindinsa. Za ka ji ya yi zafi. Ba wuta ka sa ba, iska ce ka matsa, iska kuwa in an matsa ta sai ta yi zafi. A kan wannan Rudolf Diesel ya gina injinsa. Bajamushe ne, an haife shi a Faris a 1858, ya sami takardar mallakar dabararsa a 1893, amma sai a 1897, a garin Augsburg, injin ya yi aiki yadda ake so. Injin fetur yana shaƙar iska da mai tare, fulogi ya ba da tartsatsi su kama. Na Diesel ba shi da fulogi. Iska zalla yake shaƙa, fistin ya matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin goma sha shida ko ashirin na gurbinta, zafinta ya haura digiri 500, sa'an nan a fesa mai a ciki, ya kama da kansa. Injin 1897 ya mai da kashi 26 cikin ɗari na ƙarfin mansa aiki, abin da injin tururi na zamanin bai ko kusa ba. Wani abin da ya kamata mu 'yan ƙasar gyaɗa mu sani: a babban bajekolin Faris na 1900 an tada injin dizal da man gyaɗa, ya yi aiki lafiya lau. Jirgin kogi ne, a Rasha, cikin na farkon da suka ɗauki wannan inji, a 1903. A 1912 kuma aka gama Selandia, babban jirgin teku mai dizal, a Denmark, ƙasar da mishan na farko na Numan suka fito shekara guda bayan haka. Shi Diesel bai ga yawancin wannan ba, gama a 1913 ya ɓace da dare daga jirgin da ke kai shi Ingila. Man da direbobinmu ke kira gas, sunansa yake ɗauke da shi a sauran duniya.

Amma a nan akwai wani abin da ya wajaba malami ya faɗa wa yara, kada ya koya musu rabin gaskiya. Ɗan injin da ake sa wa jirgin wasa, ko da yake ana ce masa dizal, ba ɗan Diesel ba ne na cikinsa, ɗan riƙo ne. Cikin silindarsa 'yan si-si kaɗan ne, babu maƙerin da zai yi masa famfon fesa mai a wannan ƙanƙanta da araha. Saboda haka yana shaƙar iska da mai tare ta maƙogwaro, kamar injin babur, fistin ya matse su, su kama don zafin matsi kurum. Matsin ne gadonsa daga Diesel, ba fesawa ba. An fara sayar da irinsa a Suwizalan a farkon shekarun 1940, kana a 1946 aka fito da Mills mai si-si 1.3 a Ingila, wanda ya yi suna domin sauƙin tashi. Dabarar da ke cikinsa mai ban sha'awa ce. Rufin silindar ba a kafe yake ba. Wani fistin ne na biyu, a kife, da noti mai hannu a bisansa. In ka ɗaura notin, rufi ya sauko, gurbi ya ƙanƙance, matsi ya ƙaru, mai ya kama da wuri. In ka sassauta, matsi ya ragu, ya kama a makare. Watau abin da makaniki ke wahalar saitawa a mota, a nan yana tsakanin yatsunka biyu, kana juyawa kana jin muryar inji tana sakewa. Ban san wata hanya da ta fi wannan nuna wa yaro abin da matsi ke yi ba. Gani ya kori ji.

Man gas na gidan mai ba ya tada wannan inji, kada wani ya ɓata lokacinsa. Abu uku ake haɗawa, kuma tsohon awo shi ne kashi ɗaya ɗaya daidai wa daida. Na ɗaya kananzir, shi ne mai ba da ƙarfi. Na biyu man zurma, watau cika-gida, shi ne mai sa santsi, gama injin ba shi da tukunyar baƙin mai, abin da ya shaƙa shi ke shafe ƙarafansa. A sayi tatacce a kantin magani. Kada a sa yara su daka 'ya'yan zurma, dafi gare su mai kisa. Na uku wani ruwa ne mai ƙarfin wari da ake kira eta, wanda dā likitoci ke shaƙa wa mutum ya yi barci kafin a yi masa aiki. Shi ne ashanar injin: yana kamawa da kansa a wajen digiri 160, zafin da ɗan fistin nan ke iya kaiwa, in ya kama sai ya kunna kananzir.

To, ga inda zanen Ingila ba zai taimake mu ba. Eta yana tafasa a digiri 35. A Ingila wannan zafi baƙo ne, sai shekara ta yi tsanani. A Yola kuwa, cikin Maris da Afrilu, ma'auni yakan haura 40 a inuwa. Ke nan gwangwanin man da ka bari a buɗe da azahar, etan da ke ciki tafasa yake yi yana guduwa ba ka gani, kafin la'asar saura kananzir da man zurma. Sai ka ja inji har hannunka ya yi kanta bai ce uffan ba, ka ce injin ne ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Maganin abin shi ne a haɗa kaɗan, gwargwadon na yini guda, a zuba a gwangwanin ƙarfe mai murfin da ke ɗauruwa tam, a binne gindinsa cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, irin yadda ake yi wa randa. Kada a buɗe sai za a zuba, in an zuba a rufe nan take. Kuma a yi hattara ƙwarai: tururin eta ya fi iska nauyi, yana rarrafe a ƙasa kamar maciji, yana iya kai wa murhu ko fitilar da ke nesa, wuta ta biyo shi ta dawo. Ba a haɗa shi cikin ɗaki, ba a shan taba kusa, ba a kuma ba yaro ajiyarsa. Samunsa ma sai ta hannun makaranta, daga masu sayar da kayan ɗakin kimiyya.

Wani zai ce, duk wannan wahala don me, ga motar lantarki da batir, ba wari ba hayaƙi? Maganarsa tana da hujja. Injin nan da rediyonsa sai an aiko da su daga ƙasashen waje, kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗalibi guda, sai dai ƙungiya ta yi karo-karo ta sayi ɗaya. Malamin da aka kai ƙauyen da babu halin samun eta, lalle ya sa motar lantarki, darasin Arkimidis ba zai ragu da kome ba. Amma a ganina inda hali ya yi, dizal ya fi. Motar lantarki rufaffiya ce, ka haɗa waya ta juya, yaro bai ga dalili ba. Wannan kuwa ana kwance shi gaba ɗaya bisa hankici, ga fistin, ga silinda, ga karanshaf, a mayar a tada. Yaron da ya yi haka sau ɗaya, in ya ji injin niƙa na Lister yana bugawa a unguwa, ko babbar mota tana hawan tudu, ya san abin da ke gudana a ciki.

Wajen ɗora shi a jirgi, a nemi irin na ruwa, ba na jirgin sama ba. Bambancinsu biyu ne. Na ruwa yana da faifan ƙarfe mai nauyi a bakin karanshaf, da kwari a gefensa inda ake naɗa igiyar tayarwa. Yana kuma da riga ta ƙarfe kewaye da silinda inda ruwa ke zagawa ya sanyaya shi. Daga faifan nan sandar farfela ke tafiya cikin bututun tagulla, ta huda gindin jirgi ta fita baya. A cika bututun da giris don kada ruwa ya biyo shi, a kuma lura sanda da inji su miƙe sak, karkatar kada ta wuce digiri 15. Abin da ya fi kashe ƙananan jiragen nan ke nan, sanda a karkace: ƙarfi ya tafi a jijjiga, notuna su kwance. Ƙarƙashin farfela a lanƙwasa wani ɗan ƙarfe ya zama takalmi, in jirgi ya hau yashi shi zai taɓa, ba ita ba. Dab da bayan farfela a kafa ɗan bututu mai baki yana fuskantarta, ruwan da ta watsa ya shiga, ya bi tiyo zuwa rigar inji, ya fita ta gefen jirgi inda ido zai gan shi daga gaɓa. Ruwanmu yana da laka da ciyawa, bututun yakan toshe. Muddin ka daina ganin wannan tsirarar ruwa, komo da jirgi maza. Tiyon mai kuwa kada a sa na silikon, kananzir na kumbura shi. Salansa a bi da ita ta cikin ɗan gwangwani, domin man zurma ba ya ƙonewa duka, gara ya taru a zubar a tudu da ya bi ruwan da mutane ke kamun kifi.

Saura tuƙi. Jirgin farko da aka juya da rediyo a gaban jama'a, Nikola Tesla ne ya nuna shi a birnin New York a 1898, tun mutane ba su san rediyon magana ba. A shekarun 1950 masu wannan wasa suna fama da akwatuna masu kwalabe da manyan batura, maɓalli ɗaya tak: ka danna sau ɗaya jirgi ya yi dama, sau biyu ya yi hagu, murɗaɗɗiyar roba ce ke ba da ƙarfin juyin. Na yanzu suna aiki a zangon gigahaz 2.4, ba su kai akwatin ashana biyu ba, kuma mutum goma na iya wasa wuri guda saƙon wani bai shiga na wani ba. Domin yara su gane, ka kira kayan da sunan gaɓoɓi. Akwatin da ke hannunka shi ne baki. Ɗan abin da ke cikin jirgi mai eriya shi ne kunne. Sa'an nan ga damatsa biyu, ƙananan motoci masu haƙora da ke juyawa daidai gwargwadon yadda ka tura sanda a hannunka: ɗaya yana jan wutsiya, watau allon da ke bayan farfela mai karkata jirgi, ɗaya yana buɗe maƙogwaron inji yana rufewa. Tun da yake injin ba shi da fulogi, ba tartsatsin da zai dami kunne, wannan ma riba ce.

Kunne da batir a sa su cikin robar abinci mai murfi, a naɗe da soso saboda jijjiga, nesa da salansa. Eriya ta tsaya sama da layin ruwa, gama saƙon wannan zango ba ya ratsa ruwa. A saita shi yadda in saƙo ya yanke, dantsen maƙogwaro zai rufe da kansa. In ba haka ba jirgi zai miƙe har inda mansa ya ƙare. Baki ake fara kunnawa, shi ake kashewa daga ƙarshe. Kuma a tuna injin nan ba shi da giyar baya, ba shi da kuloci: da ya tashi farfela na juyawa, sai a tsara hanyar komowa tun ba a saki jirgi ba.

Tada shi sai da haƙuri. A cika tanki, a buɗe allurar mai, a ɗiga ɗigo biyu ko uku a maƙogwaro, a sassauta notin matsi kaɗan. Wani ya riƙe jirgi a cikin ruwa, kai kuwa ka zarga igiyar fata a kwarin faifai ka fizga. In ya yi tari ya mutu, ƙara matsi kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na juyi, ka sake. In ya kama yana ɓarin baki yana tsallake bugu, matsi bai isa ba. In kuwa muryarsa ta yi nauyi, gudu na raguwa, man da ke fita ya yi baƙi, matsi ya yi yawa, sassauta maza kafin ya yi zafi. Da ya ɗumama zai bukaci a rage masa, domin zafin jikinsa na taimakon matsin. Abu guda ne ba a yi: in faifai ya cije ya ƙi juyawa, mai ne ya cika silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska. Wanda ya ja da ƙarfi a nan zai lanƙwasa sandar fistin. A sassauta noti, a kife jirgi, a tsiyaye. Kada kuma a bar shi yana gudu a tudu, ba ruwan sanyaya, ba nauyi a farfela.

Game da wurin gwaji, kada kowa ya kai shi tsakiyar Binuwai da damina. Igiyar ruwan ta fi ƙarfinsa, balle tun da aka gama madatsar Lagdo a Kamaru a 1982 ruwa kan ƙaru ba zato in an saki, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Gefen tafkin Geriyo inda ruwa ke kwance ya fi, da sassafe, cikin Disamba ko Janairu, sa'ad da hunturu ya sa eta ya zauna lafiya a gwangwani. Manyan jiragen dā da damina suke zuwa, namu ɗan hunturu ne. A gai da masunta tukuna, a tambaye su inda suka kafa taru, a kuma shirya da mai kwale-kwale ɗaya ya tsaya kusa. In inji ya mutu a tsakiya, shi zai ɗauko. Ba yaron da zai faɗa ruwa ya bi jirgi, ko ya iya iyo, gama kwantaccen ruwa gidan tsargiya ne.

Da an sake shi za a ga wani abu: jirgin yana gudu fiye da kima, kamar ba mai ɗaukar kaya ba. Dalili kuwa, injin na juyawa wajen sau 10,000 a minti guda. Wani Bature, William Froude, wanda ya yi ta gwada ƙananan jirage cikin dogon kwami a Ingila a shekarun 1870, ya gano ƙa'idar da ke tsakanin ƙarami da babba. In namu kashi ɗaya ne cikin 25 na babban, watau yana wakiltar jirgi mai mita 22 da rabi, to nauyi sai a ninka da 25 sau 25 sau 25, kilo biyar ɗinmu su zama wajen tan 78. Amma gudu ba da 25 ake raba shi ba, da 5 ne, lambar da in ta ninka kanta take ba da 25. Babban jirgi mai kilomita 10 a sa'a, ƙaraminsa kilomita 2 ya kamata ya yi, sa'an nan igiyar ruwan da yake tayarwa za ta yi kama da ta gaske. A nan baji-bajin nan za su yi amfani. A ɗaure su tam a kafaɗun jirgi, a loda musu yashi ko gyaɗa har su shiga ruwa santimita 3, a rage maƙogwaro. Kana a kafa sanda biyu a gaɓa, mita 10 tsakaninsu, yaro ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya ɗaga hannu sa'ad da goshin baji ya kai sandar farko. In ya kai ta biyu cikin daƙiƙa 18, gudunsa ya yi daidai. In ya riga haka, a ƙara yashi.